INUWA MA GINI CE: Mariam Issoufou Da Kasuwar Ɗandaji

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



Idan aka ce za a yi magana a kan mata da raya gari, abin da aka fi tsammanin ji shi ne zancen makaranta da asibitin haihuwa da jarin sana'a. Waɗannan duka suna da muhimmanci, kuma akwai waɗanda suka fi mu saninsu a cikin wannan zaure. Mu dai mun zaɓi wani fanni da ba a cika ambatonsa a tarukanmu ba, wato tsara filin da ke tsakanin gini da gini: inda za a dasa itace da irin itacen da ya dace da wurin, inda ruwan sama zai bi ya wuce, inda tsoho zai zauna ya miƙe ƙafa, da hanyar da yarinya za ta bi daga gida zuwa makaranta ba tare da rana ta gasa ta ba.

A ƙasashen Turawa wannan sana'a ce mai zaman kanta, ana karanta ta a jami'a kamar aikin likita ko na lauya, kuma mata na cikin waɗanda suka kafa ta. A Ingila an yi wata baiwar Allah mai suna Gertrude Jekyll, wadda ta rayu daga 1843 zuwa 1932. Da zanen hotuna ta fara, da ganinta ya yi rauni sai ta koma ga tsirrai, kuma kafin ta bar duniya ta tsara lambuna sama da 400. A Amurka kuwa, lokacin da mutum 11 suka haɗu a 1899 suka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, mace ɗaya ce tak a cikinsu, ita ce Beatrix Farrand, wadda ta tsara lambun Dumbarton Oaks da ke birnin Washington. To amma waɗannan mata ƙasar sanyi da yawan ruwa suka yi wa aiki, inda mai lambu ke neman hasken rana ruwa a jallo. Mu kuwa gudun rana muke yi. Don haka ba sai mun haye teku ba. Wadda za mu yi magana a kanta 'yar maƙwabciyarmu Nijar ce, tana raye, tana aiki, kuma ayyukanta mafi shahara a wani ƙauyen Hausawa ta yi su.

Wace Ce Mariam Issoufou?

An haifi Mariam Issoufou, wadda rubuce-rubuce da yawa ke kira Mariam Kamara, a shekarar 1979 a birnin Saint-Étienne na ƙasar Faransa, amma a Nijar ta tashi. Ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a arewacin ƙasar, a yankin Agadas, inda mahaifinta ke aikin ma'adinai. Duk wanda ya taɓa zuwa Agadas ya san gari ne da aka gina da ƙasa, mai lunguna ƙunƙuntattu da gidaje masu kaurin bango, ga kuma hasumiyar babban masallacinsa mai tsawon mita 27, wadda ita ma ta ƙasa ce. Yarinyar da ta girma tana ganin yadda ɗakin ƙasa ke riƙe sanyi a tsakiyar Sahara ba za ta yarda da sauƙi ba idan aka ce mata ginin ƙasa alamar talauci ne.

Sai dai ba zanen gini ta fara karantawa ba. Kamar yawancin yaranmu masu ƙoƙari, an ga kamar inda abinci yake shi ne fannin kwamfuta, can ta nufa. Ta yi digiri na farko a Jami'ar Purdue a 2001, ta yi na biyu a Jami'ar New York a 2004, ta kuma yi shekaru tana aikin rubuta manhajar kwamfuta a Amurka. Bayan ta haye shekara 30 da haihuwa, ga albashi ga rufin asiri, sai ta ajiye wannan aiki ta koma aji ta zama ɗaliba. A 2013 ta kammala babban digiri a fannin zanen gine-gine a Jami'ar Washington, a 2014 kuma ta buɗe ofishinta a birnin Yamai, ta raɗa masa suna da kalmar Hausa, wato Masomi.

A takarda dai ita mai zanen gine-gine ce. Abin da ya sa muka kawo ta cikin wannan fanni shi ne, tun daga kundin digirinta hankalinta ya fi karkata ga filin waje a kan ɗakin ciki, kuma wannan kundi ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa.

A Yamai akwai abin da suke kira fada, wato abin da mu muke kira majalisa: samari ko magidanta su shimfiɗa tabarma ko su ajiye benci a ƙofar gida, ana shan shayi ana hira har dare. Nan ake jin labarin aiki, nan ake ƙulla ciniki, nan ake sanin wanda ya rasu da wanda ya haihu. Mariam ta lura cewa titi duka na maza ne idan ana maganar zama. Mace kuwa wucewa kawai take yi, kuma muddin tana tafe babu mai ce mata uffan, domin an ɗauka an aike ta ko za ta unguwa ko makaranta. Da zarar ta tsaya ta zauna, sai ido ya dawo kanta. Wani da ya yi karatu a waje zai iya cewa a rushe wannan al'ada, a kafa wa mata tasu majalisar a bakin titi. Ita ba ta ce haka ba. Ta karɓi al'adar yadda take, sannan ta tambayi kanta: tun da tafiya ce aka yardar wa mace, me zai hana a gyara hanyar da take bi? Sai ta zana wata hanya mai haɗa wuraren da mata da 'yan mata suka saba zuwa, aka tanadi inuwa da wuraren ɗan tsayawa a kanta, inda ɗalibai za su iya bitar karatu, ƙawaye su gaisa, mai ƙaramar sana'a ta baje hajarta, kuma duk wanda ya gan su ya san a kan hanya suke. Sunan da ta ba kundin da Ingilishi, ma'anarsa ta yi kusa da a ce zaman majalisa a tafe.

Muna roƙon iyayenmu maza da ke nan su yi wannan lissafi a zuci. A cikin garin Ringim, daga ƙofar fada zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa tasha, inuwa nawa ce mace mai goyo za ta iya tsayawa a ƙarƙashinta ta gyara zane ba tare da ta tarar da maza sun riga ta ba? A harabar asibiti, ina masu jinya ke zama, alhali mafi yawansu mata ne?

Aikinta na farko da ya fito fili shi ne rukunin gidaje da ake kira Niamey 2000, wanda ita da abokan aikinta uku suka kammala a 2016. Gidaje 6 ne a kan fili mai murabba'in mita 1,700, an gina su da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, kuma masu zanen sun faɗa da bakinsu cewa daga tsofaffin birane irin su Tumbutu da Damagaram da Kano suka ɗauko tsarin. Wato abin da muke rushewa a cikin birnin Kano domin mu kafa bene, shi wasu suka ɗauka suka sabunta har duniya ta yaba.

Ɗandaji

Ɗandaji ƙauye ne a yankin Illela ta jihar Tawa, mai mutane kimanin 3,000, kuma shi ne garin mahaifinta. Akwai wani tsohon masallacin ƙasa a garin, aikin shahararren magini Alhaji Falke Barmu, wanda masallacin da ya gina a garin Yama ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Irin waɗannan magina su ne magadan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Masallacin Ɗandaji ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, aka yi shawarar a rushe shi a yi sabo. Wannan shawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin masallatai da zaurukan ƙasa nawa aka baje a ƙasar Kano da Jigawa da irin wannan kyakkyawar niyya?

Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran, suka kawo wata shawarar. A gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka nemo maginan da suka yi aikin farko aka sa su cikin gyaran. Aka ƙara ɗakunan koyar da manya karatu da sana'a. Aka kira wurin Hikma, domin tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malaman Musulunci suka haɗa ilmin addini da na lissafi da taurari da magani. An kammala aikin a 2018, kuma ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a gasar LafargeHolcim ta 2017, sannan ya ci ta azurfa a matakin duniya a 2018.

Hotunan da jaridu suka fi bugawa na ginin ne. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne harabar. Ba a bar tsakanin masallaci da ɗakin karatu fayau ba, kuma ba a malale shi da siminti ba. An tsara shi da hanyar tafiya da shuke-shuke, ta yadda wanda ya fito daga salla ƙafarsa za ta iya kai shi wurin littafi, macen da ta zo ajin karatu kuma ta samu dalilin shiga harabar da a da ba ta da abin yi a cikinta. Bugu da ƙari, ba a dasa itatuwan an bar su ga Allah da awaki ba. Tun a cikin zane aka tanadi matattarar ruwa a ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwan damina, da siraran bututai masu ɗigo da ruwa kaɗan-kaɗan a gindin kowace shuka. Wato an yi lissafin ruwan da itace zai sha a rani kamar yadda aka yi lissafin bulo da ƙarfe. Duk wanda ya taɓa halartar bikin dashen itatuwa a watan Yuli ko Agusta, ya kuma koma wurin a watan Maris ya tarar da ramuka da busassun tsinke, zai gane muhimmancin wannan lissafi.

Sai kuma kasuwa, wadda ita ce zuciyar wannan jawabi.

Kasuwar Ɗandaji a da ta mako-mako ce, kuma a kewayen wata tsohuwar itaciya take ci, itaciyar da kakannin garin suka sani. Aka so kasuwar ta zama ta kullum, domin 'yan gari su samu wurin ciniki na dindindin. Mun san yadda ɗan kwangila ke fara irin wannan aiki: ya kawo katafila ta share fili tas, a ja layi a jera shaguna kamar akwatuna, a rufa kwano, a kira babban mutum ya yanke ƙyalle. Bayan wata uku sai a tarar da shagunan a kulle, 'yan kasuwa sun koma bakin titi inda suka samu inuwa da masu wucewa, a ce mutanenmu ba su son ci gaba. Alhali kuwa mutanen sun fi ɗan kwangilar sanin abin da ake kira kasuwa.

Mariam ta fara ne daga itaciyar. Ita ta zama cibiya, aka kewaye ta da wurin zama, ta zama dandalin da kowa zai iya hutawa ko da bai zo sayen komai ba. Daga nan aka shimfiɗa shaguna 52 na bulon ƙasa, da hanyoyi a tsakaninsu. Sai matsalar inuwa ta taso, domin itaciya ɗaya ba ta isar kasuwa, ƙasar kuma busasshiya ce, dashe yana wuyar kamawa, wanda ya kama ma sai ya yi shekaru kafin ya yi rassa. Mai kayan miya ba za ta jira shekara 10 a rana ba. Sai aka samo ƙarfen da aka taɓa amfani da shi, maƙeran wurin suka yanka shi fai-fai kamar manyan faya-fayai, aka shafa musu launi iri-iri, aka ɗora su a kan sanduna, wani ya fi wani tsawo, suna hawa kan juna kamar ganyen itace. Saboda ba a manne suke ba, iska tana ratsawa ta tsakaninsu, zafi yana fita ta sama, ba kamar rumfar kwano ba da ke tara zafi ta sauke shi a kan mai ciniki. Ita ma wannan kasuwa a 2018 aka gama ta.

Abin lura a nan shi ne tsarin da tunanin ya bi. An fara tambayar ina mutane suka saba taruwa, kuma me ya tara su a wurin. Amsar ita ce inuwa. Sai aka tsare inuwar da ke akwai, aka ƙirƙiro wadda babu, sannan aka sa gini ya bi bayansu.

Bayan waɗannan ayyuka sunanta ya zagaya duniya. A 2018 zuwa 2019 ta yi aiki ƙarƙashin jagorancin David Adjaye a shirin Rolex na haɗa gwanaye da masu tasowa, a 2019 ta karɓi kyautar Prince Claus ta ƙasar Holan, a 2022 kuma aka naɗa ta farfesa a jami'ar ETH da ke birnin Zurich na Suwizalan. Ita aka zaɓa ta zana cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya, Ellen Johnson Sirleaf, a birnin Monrobiya.

Abin Da Mai Ja Zai Ce

Mun san akwai wanda ke zaune a nan yana cewa a ransa: ai 'yar shugaban ƙasa ce. Gaskiya ne, mahaifinta shi ne Mahamadou Issoufou, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021, kuma babu mai musun cewa ƙofofin da suka buɗe mata ba za su buɗe wa 'yar talaka da sauƙi ba. To amma 'ya'yan manya nawa muka sani da suka yi karatu a Amurka? Nawa ne daga cikinsu suka koma ƙauyen ubansu suka zauna da magina da maƙera da mata masu sayar da daddawa suna tambayarsu yadda suke son kasuwarsu ta kasance? Dama daban, abin da aka yi da ita daban. Mu ma da muke zaune a wannan zaure, idan aka kwatanta mu da 'yan'uwanmu da ke ƙauyukan Taura da Garki da Ɓaɓura, ai 'yan gata ne. Hausawa na yi wa wani irin mutum kirari da inuwar giginya, na nesa ka sha, kuma kowa ya san ba yabo ba ne.

Ja na biyu ya fi ƙarfi, kuma mun yarda da rabinsa. Faifan ƙarfe ba itace ba ne. Ba ya 'ya'ya, ba ya ba akuya ganye, ba ya riƙe ƙasa, launinsa zai koɗe, wata rana kuma zai yi tsatsa. Dabara ce ta wurin da ruwa ya yi ƙaranci. Idan muka kwaikwayi faifan muka bar dalilinsa, mun yi aikin banza, domin mu Allah Ya ba mu kogin Haɗeja a gefen gari, ga fadama. Wanda ke da kogi ba shi da hujjar yin itacen ƙarfe.

Na uku shi ne batun ginin ƙasa. Duk wanda ya ga yadda gidajen ƙasa suka zube a ambaliyar 2022 a sassan Jigawa yana da dalilin yin ɗari-ɗari. Bulon da ake matsewa da inji ya bambanta da tubalin hannu, domin akan garwaya shi da ɗan siminti, amma shi ma yana bukatar harsashi mai tsayi da rufi mai kare bango, kuma ba kowace ƙasa ke yin sa ba, musamman a wurinmu da yashi ya yi yawa a tudu. Wannan magana ce ta injiniyoyinmu. Sai dai ambaliyar kanta tana komo da mu kan batun fili, domin ruwa ba ya manta hanyarsa. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, su ne ke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako. A manyan garuruwa an cike da yawansu da shara an yanka fuloti, ruwan da ya rasa masauki kuma sai ya shiga ɗakunan mutane.

Mu Dawo Gida

Ringim ba baƙuwar kasuwanci ba ce. Layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta, zamanin gyaɗa ya tara mata jama'a da kamfanoni, a 1991 kuma, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, ta zama masarauta mai ƙananan hukumomi 4. Tun daga lokacin gari ke faɗaɗa, kuma kaso mai tsoka na sababbin gine-ginen da kuɗin 'yan birni ake yin su. Ga yadda abin ya saba kasancewa a garuruwa irin namu: a sayi fili daga nesa, a aiko da kuɗi, a ce wa ɗan'uwa ya sa a share. Abin da ake nufi da sharewa kuwa har da tsamiyar da ta shekara 80 a wurin. A ja katanga, a zuba bulo, a rufa kwano, a shafe tsakar gida da siminti. Mai gida ya zo da salla ya kwana 3 da janareta da fanka ya koma. Tsohuwar da aka gina wa gidan ita za ta zauna a ciki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wuta, ba inuwa, simintin tsakar gida yana mayar da zafin rana har bayan isha'i.

Wannan tsohuwa kuwa, da an tambaye ta, ta san tsarin fili fiye da wanda ya aiko da kuɗin. Tsakar gidan Bahaushe ai mace ce ke tsara ta tun fil azal. Ita ta san inda za a girke randa don ruwa ya yi sanyi, da inda za a kafa murhu don hayaƙi ya bi iska ya fita, da inda turken awaki zai zauna nesa da madafa. Ita ke dasa zogale a bayan ɗaki, da lalle a jikin danga, ta sa kabewa ta hau rumfa, ta juya ruwan wanke-wanke zuwa gindin gwanda. Ba ta da takardar shaida, amma aikin da Jekyll da Farrand suka yi suna a kansa ke nan, a ƙaramin fili. Abin da Mariam Issoufou ta yi shi ne ta fito da wannan ido daga tsakar gida zuwa kasuwa da harabar masallaci, ta kuma haɗa shi da ilmin zamani.

Haka nan manomanmu sun san itace. Sun san gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero haske, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. A jihohin Maraɗi da Damagaram, daga tsakiyar shekarun 1980, manoma sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba da dashe ba, sai da barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona da yi masa sassabe. Darbejiya, wadda aka shigo da ita ta Barno a ƙarshen shekarun 1920, ta yi mana rana saboda saurin girmanta, amma bai kamata ta zama ita kaɗai ce itacen gari ba. Ceɗiya da durumi su ne itatuwan ƙofar fada da dandali. Tsamiya da kanya da ɗorawa da kuka suna ba da inuwa su ba da abin miya da na sayarwa, kuma galibi mata ne ke cin moriyarsu. Dabino kuwa, wanda ya je Dutse ya ga yadda yake yi a ƙasarmu.

Saboda haka muna gabatar wa shugabannin ƙungiya shawara, su duba ta a zamansu na gaba. Duk aikin da ƙungiya za ta sa kuɗinta a ciki, aji ne ko ɗakin shan magani ko masallaci ko rumfar kasuwa, kada a amince da zanensa sai an nuna a kan takarda itatuwan da ke filin, da waɗanda za a bari, da hanyar da ruwan sama zai bi. A cikin kuɗin aikin a ware na keji da na ban ruwa har rani 3, a kuma san sunan wanda zai riƙa shayarwa da abin da za a biya shi. Kafin a ja layi, a zauna da matan da za su yi amfani da wurin, a cikin gida idan haka ya fi musu sauƙi, kuma mace ta jagoranci zaman. Muna kuma roƙon Mai Martaba, Allah Ya ja zamaninsa, ya umarci masu unguwanni su ƙidaya manyan itatuwa da kududdufan da suka rage a unguwanninsu, a rubuta su a littafi guda a ajiye a fada, ta yadda ba za a sare ko a cike ɗaya daga cikinsu ba sai da sanin masarauta. Samarinmu masu wayar hannu za su iya ɗaukar hotunansu cikin mako 2.

Game da tallafin karatu da ƙungiya ke bayarwa, yawancin 'yan matanmu aikin jinya da koyarwa ake nuna musu, kuma muna bukatar su a can. Amma akwai sashen zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai kuma karatun gandun daji a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tafiyar da ba ta kai yini ba daga nan. Muna ba da shawarar a ware gurbi 2 a kowace shekara ga 'yan matan masarautar nan da suka samu shiga waɗannan sassa, da sharaɗin cewa kundin kammala karatunsu a kan wani fili na gida za su yi shi: harabar asibiti, ko hanyar makarantar 'yan mata, ko kasuwar Gujungu, ko bakin kogi. Idan sun gama, a ba su minti 20 a wannan taro su nuna mana zanen, a kuma buga shi a wannan mujalla.